Ashar Nawa Ce Ke Ɗaga Shekarun Fim, Kuma Wane Zagi Ya Fi Wani Nauyi?

Tambaya: Malam, ina da yara uku, babbansu shekararsa 14. Na ga fim an sa masa PG-13, na bar su suna kallo, sai na ji jarumin ya kunduma ashar da Turanci. Wani fim kuma an sa masa R, da na duba babu tsiraici babu jini, surutu ne kawai. Shin ashar nawa ce ke sa a ɗaga shekarun fim? Kuma zage-zagen Turawan nan, wanne ya fi wanne muni?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji ba subutar masu sa alama ba ce, ƙa'idarsu ce ta ba da dama. A Amurka fim mai PG-13 yana da izinin babbar ashar guda ɗaya, ta biyu ce ke tura shi R. Amma kafin mu shiga lissafi ina so ka riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa yake: alamar da kake gani a kusurwar allo, kunnen iyayen ƙasar da ta sa ta aka auna da ita. Mudu ce, kuma kowace kasuwa da mudunta. Wanda ya ɗauki PG-13 a matsayin shaidar cewa fim ya dace da ɗan Bahaushe mai shekara 13 ya ɗora wa alamar nauyin da masu ita ba su taɓa cewa za ta ɗauka ba.

Tsarin Amurka ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 1968. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ta kafa shi, wadda yau ake kira MPA, a zamanin shugabanta Jack Valenti, kuma babu hannun gwamnati a ciki. Masu zama su kalli fim su yanke masa alama iyaye ne da aka ɗauka aiki a Los Angeles, aikinsu shi ne su yi hasashen abin da mafi yawan iyayen Amurka za su ce in sun ga fim ɗin. PG-13 ba ta cikin alamomin farko. A 1984 aka ƙirƙiro ta, bayan iyaye sun yi ta ƙorafi kan wasu fina-finan PG (alamar da ke cewa iyaye su sa ido kawai) masu firgita yara. Gargaɗi ce kawai ga iyayen 'yan ƙasa da shekara 13, ba a tare yaro a ƙofar silima saboda ita. R ce mai ƙofa: wanda bai kai 17 ba sai da uba ko uwa ko wani babba mai kula da shi.

A kan faɗa da tsiraici da sauransu, ƙa'idar ta bar wa masu kallon fili su auna da hankalinsu. Wajen ashar ne aka kafa lamba ƙarara. Kalmar da ake magana a kanta ita ce mai harafi huɗu da ke farawa da F, wadda asalin ma'anarta saduwa ce. In aka faɗe ta sau ɗaya don huce haushi, irin mutum ya yi tuntuɓe ya ɗura ta, fim ya bar PG ya koma PG-13 aƙalla. In aka maimaita, R. In kuwa aka faɗe ta da ainihin ma'anarta ta kwanciya, ko sau ɗaya ne, R. Akwai 'yar kafa da aka bari: kashi biyu cikin uku na masu zaman za su iya kaɗa ƙuri'a su bar fim a PG-13 in sun ga yanayin ya ba da uzuri, kuma mai fim yana iya ɗaukaka ƙara. Ta hanyar ɗaukaka ƙara ne Gunner Palace, fim na gaskiya kan sojojin Amurka a Iraƙi, ya samu PG-13 a 2005 alhali kalmar ta fito a cikinsa sau 42.

Me ya sa jarumin da ka ji ya faɗe ta sau ɗaya tak, kuma daidai lokacin da rigima ta kai ƙololuwa? Kuɗi ne. Matasa su ne ke cika silima a can, kuma yawancin fina-finan da suka fi kawo kuɗi PG-13 ne. Sau da yawa kamfani yana rubutawa a yarjejeniyar darakta cewa dole fim ya fito da wannan alamar. Sai marubuci ya adana asharsa guda ɗaya, ya ajiye ta a wurin da za ta fi tayar da ihun 'yan kallo. Wato ƙa'idar da aka kafa don rage kalmar ita ce ta mayar da ita abin ado. Yaronka ba zai ji ta sau ɗari ba, zai ji ta sau ɗaya daga bakin jarumin da yake so, a lokacin da jarumin ya fi burge shi. Ni a ganina wannan ya fi shiga kai.

Ga inda nake ganin ƙirgar kalma ta gaza. A PG-13 ana iya harbe mutane da yawa, a rusa gari guda, muddin ba a nuna jini yana malala ba. Amma The King's Speech na 2010, labarin Sarki George na shida na Ingila da yadda ya yi fama da in'ina, R aka sa masa a Amurka. Dalilin kuwa mai koya masa magana yana sa shi ya jero ashar don harshensa ya warware. Ba wanda yake zagi, ba wanda ake ci wa mutunci. Mutum ne mai lalura yana neman waraka, kuma fim ɗin ne ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2011. Sai da kamfanin ya toshe sautin wasu daga cikin kalmomin kafin ya fitar da wani kwafi mai PG-13. Ina kyautata zaton fim ɗin R da ka duba ka ga surutu kawai irin wannan ne.

Birtaniya ta fi kusa da abin da hankali zai karɓa. Hukumarsu, BBFC, an kafa ta tun 1912, kuma matakanta su ne U (na kowa da kowa), PG, 12A (ɗan ƙasa da 12 sai da babba), 15 da 18. Tasu ƙofar ta fi ta Amurka tsauri, domin fim mai 15 yaro ɗan 14 ba zai shiga ba ko da ubansa na riƙe da hannunsa. Amma wajen ashar tambayoyi suke yi: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, cikin fushi ko cikin raha, sau nawa, akwai duka ko barazana tare da ita? Namiji ya tasa mace gaba yana zaginta yana zare ido, ya fi nauyi a wurinsu a kan abokai biyu suna tsokanar juna da kalma iri ɗaya. Shi wancan fim na sarki, alamar 15 suka fara sa masa, aka nemi su sake dubawa, suka mayar da shi 12A, suka rubuta a bayaninsa cewa ashar ɗin ta zo ne a wurin koyon magana. Kuma duk bayan shekara huɗu ko biyar suna tambayar dubban jama'a ra'ayinsu su gyara ƙa'idar.

Su ma ba su tsira daga suka ba. A 2002 sun sa wa Sweet Sixteen na darakta Ken Loach alamar 18 saboda wata kalma mai farawa da C, sunan gaban mace, wadda a ma'auninsu ita ce ƙarshen muni. Fim ɗin labarin wani matashi ne a garin Greenock na Scotland, inda kalmar ke yawo a bakin samarin unguwa ba tare da nauyin da take da shi a kudancin Ingila ko Amurka ba. Sakamakon shi ne samarin da aka ba da labarinsu ba su da izinin kallon kansu. Ƙaramar hukumar yankin, Inverclyde, ta yi amfani da ikonta ta sauke shi zuwa 15 a yankinta. A Faransa kuwa da wuya ashar kaɗai ta ɗaga shekarun fim. The Wolf of Wall Street na 2013, wanda kalmar F ta fito a cikinsa fiye da sau 500, R ne a Amurka, 18 a Birtaniya, a Faransa kuma 'yan ƙasa da 12 kawai aka hana.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Hukumar Ofcom, mai sa ido kan rediyo da talabijin a Birtaniya, ta yi bincike kan wannan a 2016 da kuma 2021, ta tambayi mutane nauyin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fito bai yi nisa da yadda hukumomin fim ke aunawa ba. A can ƙasa akwai "damn" da "hell" da ambaton sunan Ubangiji ko na Annabi Isa, alaihissalam, don mamaki ko takaici. Waɗannan har a fim na ƙananan yara ana iya jin wasunsu. Sama da su akwai kalmomin kashi da ɗuwawu da gaban namiji, da "bastard" wadda ke nufin shege, da "bitch" wadda ake jifan mace da ita. Su ne tsaka-tsaki, su ne kuma suka cika fina-finan PG-13 ba tare da ƙidaya ba, tun da ƙa'idar sau ɗaya ba ta shafe su ba. Sai F. Sai biyun da ke can sama a cikin ashar ta batsa: C, da kuma wadda ke haɗa F da uwar mutum.

Abin da binciken ya ƙara nunawa shi ne jama'a sun fara sassauta wa ashar ta huce haushi, sun ƙara tsananta wa kalmomin ƙasƙanta jinsi. Kalmar nan mai farawa da N da ake jifan baƙar fata da ita, da ire-irenta na wulaƙanta ƙabila ko masu naƙasa, su ne yanzu suka fi ƙona wa mutane rai. A 2021 BBFC ta ce fim mai kalmar N da wuya ya samu ƙasa da 12A sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar fim na tarihi da ke la'antar wariya. A 2024 ta ɗaga Mary Poppins, fim na yara na 1964, daga U zuwa PG saboda wani tsohon suna na raini da Turawa ke kiran wata al'umma ta kudancin Afirka da shi. Shekara sittin fim ɗin bai canza ba, kunnen masu sauraro ne ya canza.

Wannan sauyi ya fi fitowa fili in ka duba baya. Dokar da kamfanonin Hollywood suka rubuta wa kansu a 1930, wadda ake kira dokar Hays, ta jero kalmomin da aka haramta, kuma a gaba-gaba akwai sunan Ubangiji da na Annabi Isa in ba cikin girmamawa aka ambace su ba, tare da "hell" da "damn". A 1939 sai da aka gyara dokar kafin kalmar "damn" ta samu wucewa a ƙarshen Gone with the Wind. Abin da ya kasance kan gaba a haramci shekara casa'in da suka wuce, yau shi ne mafi sauƙi a jerin. Addini ya ja baya a rayuwar yawancinsu, sai nauyin ya koma kan batsa, yanzu kuma yana komawa kan wariya.

To mu ma'auninmu bai bi wannan hanyar ba, kuma nan ne nake so ka fi lura. A kunnen Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, wasa da sunan Allah ko na annabi ba ya cikin jerin ashar ma, ya wuce nan. Tsinuwa ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu. Uwa ta ce wa ɗanta "Allah ya tsine maka", unguwa guda za ta taru ana ba ta baki ta janye, alhali "damn" da "go to hell", waɗanda asalinsu tura mutum wuta ne, yaransu na jin su tun suna firamare. Shege a wurinsu zagi ne na tsakiya. A wurinmu, in da gaske aka faɗa, tuhumar uwar mutum ce da zina, kuma ƙazafi yana da haddin bulala 80 a shari'a. Ɗan iska yana da sauƙi a kan 'yar iska, domin na biyun mutuncin mace yake taɓawa har ya iya kai wa ga aurenta. Zagin uwa ko uba, ko da daƙuwa ce aka yi da hannu baki bai motsa ba, ya isa a ba hammata iska. Hadisin Abdullahi ɗan Amr da ke cikin Bukhari da Muslim ya sa zagin iyaye cikin manyan zunubai, har ya bayyana cewa mutum na zagin iyayensa ne ta hanyar zagin iyayen wani, shi kuma ya rama. Wurin da ma'auninmu da nasu suka haɗu sosai shi ne ashar da ke ambaton al'aurar uwa ko uba: mu da su duk a sama muka ajiye ta.

Amma kada mu yi kamar mu ba mu san bambancin yanayi ba. Kaka ta ce wa jikanta ja'iri tana dariya, samari a majalisa su ce wa wanda ya ci ƙwallo mai kyau "shege!" da nufin yabo, abokan wasa su yi ta jifan juna da maganar da in baƙo ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Har tsokanar Katsinawa ake yi da cewa ashar ba ta yi musu nauyi a baki, kuma duk wanda ya zauna da su ya san sau da yawa ba faɗa ake nufi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake fifita hanyar Birtaniya a kan ta Amurka. Tambayar wa ya faɗa kuma da wace niyya, ita ce tambayar da dattijo ke yi in an kawo masa ƙarar zagi.

Akwai wani abu da ke ruɗa iyaye a nan gida. Mun saba da tacewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba fim ta ce a cire kaza kafin ya fita, shi ya sa in aka ce fim ɗin Hausa ya bi ta hukuma, mutane na ɗauka kowa a gida zai iya kallo. Turawa sun daɗe da karkata daga yanka zuwa rarrabawa. A 1984 BBFC ta cire kalmar tacewa daga sunanta ta sa rarrabawa a madadinta. Ba sa cire ashar, gaya maka suke yi tana nan, shawara ta rage gare ka. Hukumar tarayya ta Najeriya, NFVCB, da aka kafa a 1993, ita ma tana da matakan shekaru masu kama da na Birtaniya, G, PG, 12, 12A, 15 da 18, sai dai mutane ƙalilan ne ke kula da su, kuma ikonta bai kai ga yawancin abin da ke shigowa ta waya ba.

Fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa su ne suka fi damuna ta wannan fuskar. A Indiya hukumarsu tana da alamar A ta manya zalla, kuma tana da tsauri kan zagi: a 2015 shugabanta na lokacin, Pahlaj Nihalani, ya fitar da jerin kalmomi da ya ce a hana, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Manyan ashar na Hindi uwa da 'yar'uwa suke ambata, kusa da namu. Amma lokacin da fim ya bi ta hannun mai fassara, ya isa shagon masu tura fina-finai a waya, ya shiga memori, alamar ta ɓace a hanya. Abin da yaro zai ji ya dogara ga mai fassara kaɗai. Wani yana tausasa zagin, wani kuma yana ƙara nasa don a yi dariya. Kuma zagi da Hausa ya fi zagi da Turanci saurin kama bakin yaro, domin gobe zai iya gwada shi a kan ƙaninsa kowa ya gane.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka daina tsayawa a kan harafi ko lamba, ka karanta layin da ke biye da ita. A fina-finan Amurka, in ka ga "brief strong language", ana nufin babbar kalmar ta fito sau ɗaya ko makamancin haka. "Language" kawai ko "some language" a PG-13 yawanci 'yan tsaka-tsakin nan ne. "Language throughout" ko "pervasive language" na nufin daga farko har ƙarshe ashar ce. A DStv harafin L da ke gefen lambar shekaru shi ke nuna akwai ashar. Netflix na nuna dalilin a saman allo da zarar fim ya fara, kuma kana iya buɗe wa yara nasu sashen ka kulle naka da lambar sirri. Wanda ya fi duka amfani shi ne shafin intanet na BBFC: ka rubuta sunan fim, za su kawo maka bayani dalla-dalla, sau da yawa har da jerin kalmomin da aka faɗa, manyan an rufe wasu haruffansu da taurari. Minti biyu ya ishe ka, kuma a nan ne za ka ga ko akwai ambaton sunan Allah ko na annabi cikin wasa, wanda su za su rubuta a matsayin mai sauƙi.

Game da ɗanka mai shekara 14, da ni ne, fim irin na sarkin nan mai in'ina zan zauna mu kalla tare duk da R ɗinsa, in mun zo wurin ashar ɗin in gaya masa dalilinta da kuma dalilin da ya sa ba za ta fito daga bakinsa ba. Wanda zan fi taka-tsantsan da shi shi ne fim ɗin barkwanci mai PG ko PG-13 inda yaro ke ɗaga wa ubansa murya, ya kira shi wawa, ya buga ƙofa ya shige ɗaki, 'yan kallo na dariya. Babu babbar kalma ko ɗaya a wannan fitowar, don haka babu hukumar da za ta ɗaga masa shekaru saboda ita, kuma ba za ka gan ta a layin bayani ba. Irin wannan sai ka kalli minti goma sha biyar na farko da kanka kafin ka miƙa musu rimot.